Randar Bature da Azumin Gwaggo

Shekarar da aka kawo mana Gwaggo muna zaune a kwatas ɗin ma'aikatan noman rani da ke tsakanin Kura da Bunkure. Tsakiyar shekarun tamanin ne, aurena bai wuce shekara huɗu ba. Aikin maigidana buɗe ƙofofin ruwa da rufe su. Da sassafe zai hau kekensa, dogon makullin ƙarfe a ɗaure a baya, ya bi gefen kanal yana sakar wa gonakin tumatir da alkama ruwa, kowane layi da ranarsa. Gwaggo kuwa yayar mahaifina ce, ita ta raine ni tun ina 'yar shekara uku. Sana'arta turara shinkafa, kuma a ƙauyenmu ba a yi macen da ta kamo ƙafarta ba. Ta yi ta durƙuso gaban ganga da murhu har gwiwoyin suka ce sun gaji. Aka ce ta dawo wajenmu tunda mun fi kusa da asibiti. Ta zo tana faɗa, wai ita ba buhu ba ce da za a riƙa cicciɓarta daga gari zuwa gari.

Makon farko lafiya lau. Tana ci, tana kushe miyata, tana ƙarawa. Masanmu na rami ne, a bayan gida, an kewaye shi da zana. Wata safiya ta shiga da butarta, na gama wanke-wanke, na share tsakar gida, na ɗora ruwan zafi, ba ta fito ba. Na je na tsaya daga waje na yi gyaran murya. Shiru. Da na leƙa sai na same ta a tsugune, ta rungume dirkar zanan da hannu biyu, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta kasa miƙewa, kuma ta ƙi kira. Na sa hannu ta hammatarta na ɗaga ta, na gyara mata zane, na rako ta har tabarma.

Washegari ta tashi da azumi. Na ce to, Alhamis ce. Juma'a ma azumi, Asabar azumi. Da na tambaya sai ta ce ramuwa take yi, wai akwai azumin da ta sha tana goyo. Goyon da ɗan ma a lokacin ya riga ya fara furfura! In an kira magariba ta ci dabino biyu, ta kurɓi kunu kamar mai ɗanɗana gishiri, ta ture kofin. Na yi dambu ta ce ya yi tauri, na yi fate ta ce ya yi ruwa. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri, har na fara buga kwanuka a kicin don ta ji. Sai da aka yi kwana goma, awarwaron da ya matse mata hannu ya fara zamowa har gwiwar hannu, sannan kaina ya kawo haske. Ba Allah Gwaggo ke yi wa wannan azumin ba. Ta lissafa ne cewa wanda bai ci ba, ba ruwansa da zagayawa, kuma ta gwammace yunwa ta kashe ta da 'yar da ta yi wa tsarki ta sake ɗaga ta daga bakin rami. Na zauna a bakin murhu tsoro ya kama ni, don na san halinta, in ta ƙudurta abu sai ta kai shi.

Magana irin wannan ba a yi wa surukin tsohuwa ita kai tsaye, sai na yi ta kewaye-kewaye har maigidana ya gane. Sai ya ce to ai akwai ɗakin albasa.

Gidan namu asali wani mai awon ƙasa aka gina wa, shi ya sa a ƙarshen baranda akwai wani ɗan ɗaki da masai irin na zama, farin tangaran, da tankinsa a jingine da bango. Tun da muka tare ba wanda ya taɓa amfani da shi. Wa zai yi bayan gida a ƙarƙashin rufin da yake cin tuwo? Mu ma sai muka haƙa raminmu a baya kamar kowa a kwatas ɗin. Ɗakin yana da sanyi da 'yar taga, sai ya zame min rumbun albasa. Ranar na kwashe albasar, na wanke daɓen, na goge mazaunin har yana ɗaukar ido. Na danna ɗan ƙarfen gefen tankin, ruwa ya zubo da ƙara, ya tafi. Na ce abin nema ya samu.

Na riƙo Gwaggo na kawo ta, na ce ta gani, zama ake yi kamar a kujera, ga bango ga ƙofa na dafawa. Ta dube shi sama da ƙasa. Na ga idonta ya tsaya a kan tsayin mazaunin, na san ta auna shi da gwiwarta. Amma sai ta tambaya daga ina ruwan yake fitowa. Na nuna mata tankin. Ta ce in buɗe.

Wallahi ni ban ma san murfin yana ɗaguwa ba. Da na ɗaga, wani wari irin na tsohuwar rijiya ya buso mu. Ruwan kwatas daga kanal ake turo shi, ga shi ya yi shekara da shekaru yana kwana a ciki. Ƙasan tankin laka ce ta kai tsawon ɗan yatsa, jikinsa gansakuka kore shar, daidai inda ruwa ke tsayawa tsatsa ta ja jan layi ta kewaye, cikin murfin kuwa fumfuna ce baƙi ƙirin. Gwaggo ta ja da baya ta toshe hanci da bakin mayafi.

“Randar da ba a wankewa ke nan. Ruwan da ya sauya launi, ya sauya wari, shi zan zauna a kai ya fantsamo min a zanen salla?”

Na ce ai ba sha za a yi ba, ba kuma tsarki za a yi da shi ba, buta tana nan, shi kora kawai yake yi. Ta ce in rabu da ita, ta ga randar bature, ta gode. Ta juya da sandarta. Amma ban ji ta ce abin haramun ne ba, ban kuma ji ta ce ba za ta taɓa zama ba. Randar kawai ta kushe. Wannan na riƙe.

Da maigidana ya dawo na ce ya tsayar min da ruwan. Ya yi murna kamar an ƙara masa girma, ya ce ai wannan aikinsa ne, ya murɗe kan famfon da ke ƙasa, ya ɗaure ƙwallon da ke iyo a cikin tankin da igiya, ya danna ruwan ya zube. Na kwashe lakar da ludayi, ta cika tsohuwar fanteka. A lokacin sabulun kanti ya yi wuya, sai an bi layi a birni, balle wani maganin wanke masai da sai dai mu ji labari. Na ɗauko sabulun salo da soso na dirje har kafaɗata ta riƙe. Gansakukar ta fita. Jan layin da baƙaƙen ɗigon nan kuwa ko gezau, kamar da su aka gasa tangaran ɗin.

Nan maƙwabciyata ta shigo, matar direban tarakta, mace mai dariya tun daga ciki wadda ba a taɓa kawo matsalar da ba ta da maganinta ba. Ta leƙa tankin ta ce wannan ai ƙaramin alhaki ne. Tsamiya tana cin tsatsa, da ita ake wanke tasa. Kanwa kuma tana cin dauɗa. To me zai hana a haɗa su su taru a kansa? Ni ma na ga maganar ta hau. Muka jiƙa tsamiya rabin kwano muka tace, muka daka jar kanwa, muka toshe ramin tankin da tsumma. Na zuba ruwan tsamiyar, ita ta juye kanwar.

Kai, zo ka ga kumfa! Ya taso yana shuuu, ya cika tankin, ya zubo ta baki ya malale daɓen har ƙafafunmu. Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa, ta ce in ji yadda yake cin dattin da ransa. Muka tsaya muna tafawa kamar mun ƙirƙiro jirgin sama. Da kumfan ya kwanta muka kwashe muka ɗauraye, jan layin yana nan inda yake, baƙin ma yana nan, sai dai ƙarin wani ruwan ƙasa-ƙasa da tsamiyar ta bari. Na jefar da soson na ce Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙera wannan abu.

Gwaggo tana kan tabarma a baranda, duk tana jinmu. Ta tambayi me muka zuba. Da na faɗa mata, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da ƙarfin fitowa. Rabon da in ga haƙoranta tun kafin ranar da na ɗaga ta a bayan zana.

“Ke 'yar nan, in miyar yakuwa ta yi tsami, me kike jefa mata?”

Na ce kanwa.

“Don ta yi me?”

Kunya ta rufe ni. Kanwa ai kashe tsami take yi, yarinyar da ta fara koyon girki ma ta sani. Mun haɗa ma'aikata biyu sun kama kokawa da juna, tsatsa tana gefe tana kallo. Maƙwabciyata ta zube a ƙasa tana dariya tana cewa ita dai ta ga kumfa. Gwaggo ta ce matan kwatas ke nan, an iya ɗaura ɗankwali ba a iya wanke randa ba. Sannan ta gyara zama, ta ce a matso mata da tabarmar kusa da ƙofar ɗakin.

Daga nan aiki ya koma hannunta, mu muka zama 'yan aike. Ta ce tsami da toka ba a gama su, bi da bi ake yi. Ta ce tsamiya tana rina farin abu, a nemo ruwan tsami na gasara wanda ya kwana uku, a matse lemon tsami a ciki, a ɗumama shi, kada ya tafasa don tangaran yana tsagewa. A cika tankin har ya haura jan layin, a bar shi ya kwana, kada wanda ya taɓa. Murfin kuma a kai shi rana a kifa shi cikinsa na kallon sama, fumfuna ba ta shiri da rana.

Tankin yana cin bokiti biyu, ruwan tsamin gidana ko kwano bai cika ba. Maƙwabciyata ta ɗauki bokiti ta shiga gida-gida. Na roƙe ta don Allah kada ta faɗi dalili, sirrin tsohuwa ne. Ta riƙe amana, ba ta faɗa ba, sai dai da aka matsa mata ta ce ni ce nake son tsami kwanan nan. Shi ke nan. Kafin la'asar mata uku sun zo yi min sannu suna kallon cikina, wata har da kawo min goruba da ɗanyen mangwaro. Na rasa bakin musu, na karɓa na yi godiya, na ci mangwaron kuma. Lemon kuwa maigidana ya samo a wani lambu da ke bakin kanal, ya cika aljihunan rigarsa biyu.

Muka ɗumama, muka zuba, muka rufe da faifai. Gidan duk ya ɗauki warin koko. Ranar ma Gwaggo da azuminta, dabino biyu da kurɓi ɗaya. Da zan wuce sai na ji tana tambayar ko na toshe ramin da kyau, kada ya tsiyaye. Na ce na toshe. Ta ce in je in sake dubawa.

Washegari da hantsi ta sa aka ƙona ɓuntun shinkafa, ta ce tokarsa ta fi ta itace kaifi, da ita take goge gangar turara. Ta tankaɗe tokar da kanta a rariya, tana zaune ƙafafu a miƙe. Na zare tsumman, ruwan tsamin ya tafi ja-ja kamar an wanke wuƙa mai tsatsa. Na shafa yatsa a kan layin, sai ga shi yana biyo yatsana. Na ƙwala wa maƙwabciyata kira ta katanga. Muka ɗauraye, sannan na dangwali toka da jiƙaƙƙen soso na shiga dirza. Lungunan da hannu ba ya kaiwa, bayan ƙarafan nan da gindin bututu, Gwaggo ta ce a tauna asuwaki a yi da shi. Tana daga bakin ƙofa tana nuni da sanda, can ban taɓa ba, nan na yi ha'inci, wai tun ina yarinya haka nake wanke tukunya in bar mata gindi. Na ce to ta zo ta yi mana. Ta ce da gwiwarta ƙalau ai da tuni an gama an manta. Muna yi muna cacar baki, raina fes, don Gwaggon da na sani ke nan.

Baƙaƙen ɗigon su suka fi taurin kai, sai da na bi su da ɓarin lemo da gishiri ɗaya bayan ɗaya. Wasu biyu a can ƙasa sun ƙi fita har yau, na tabbata, in gidan yana nan. Muka bar tankin a buɗe ya sha iska ya bushe. Sai ta kawo maganar da ba wanda ya tuna: ruwan kanal ɗin da ya kawo lakar farko shi zai kawo ta biyu. Ta sa na yago farin ƙyalle na ɗaure a bakin bututun da ruwa ke shigowa, yadda ake tace gasara, ta ce duk Juma'a a kwance a wanke.

Da yamma maigidana ya kwance ƙwallon ya buɗe famfon, ya fice waje don ya ba mu wuri. Ruwa ya taru a hankali. Ana ganin ƙasan tankin tar. Gwaggo ta taso da sandarta ta leƙa ta daɗe. Ta ɗebo a tafin hannu ta duba, ta kai hanci ta shinshina. Sannan ta dube ni.

“Launi ya yi. Wari babu. Saura ɗanɗano.”

Na ce Gwaggo, ruwan masai? Ta ce ai ni na ce randa ce mai tsabta. Ban ce ba, ita ta ce randa, amma wa zai tsaya musu. Na tsoma yatsa na ɗora a harshe. Da ɗan tsami-tsami, kuma fuskata ta tona ni. Ta ce a zubar a sake. Sau uku muna cikawa muna zubarwa, ina lasa, maƙwabciyata tana riƙe da ciki a bakin ƙofa, tana rantsuwa sai ta ba jikokinta labari. A na ukun na ce ruwa ne zalla. Gwaggo ta ce to madalla, ta koma tabarmarta.

Da magariba na kawo tuwo da miyar kuɓewa na ajiye a gabanta ina jira. Dabino biyu, kurɓi ɗaya, ta ture. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga ɗaki na ce wa maigidana na gaji, hannuna duk ya saɓule, na lashi ruwan masai sau uku a banza, gobe a mai da ita ƙauye ta mutu a can in abin da take so ke nan. Ina faɗa ina hawaye, don ban nufi ko kalma ɗaya ba. Ya bar ni na gama. Sannan a hankali ya ce in duba inda ƙofar ɗakin take. Ƙofar tana kallon inda yake zama ya sha shayi, ga shi abin in an danna duk gidan sai an ji. Tsohuwa mai kunya za ta ci abinci ta shiga nan surukinta yana zaune?

Washegari ko shayin bai sha ba. Daga masallaci ya ɗauki kekensa, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yadda ba ya yi, ya ce min yau layin nesa zai buɗe, kuma daga yau a ofis zai riƙa karyawa, ba zai dawo ba sai azahar. Na cika buta da ruwan ɗumi na ajiye a bakin ƙofar ɗakin. Na dama kunu na rufe a kusa da tabarmarta. Na yafa mayafi na ce zan shiga maƙwabta tsince shinkafa, zan daɗe.

Ba shinkafar da muka tsince. Ni da maƙwabciyata muka zagaya bayan gidanmu muka tsugunna a gindin bango, inda bututun ya fito ya shiga ƙasa, kamar ɓarayin kaji. Rana ta fara zafi. Tarakta ta wuce, mai tallan tumatir ya wuce, ƙafata ta yi sanyi. Har na ce mu tashi, ta riƙe min zane. Mun fi awa guda a nan. Can sai muka ji shi, ruwa ya taho ta cikin bututun da gudu ya wuce ƙarƙashin ƙafafunmu. Maƙwabciyata ta buɗe baki za ta yi guɗa na toshe mata shi da tafin hannu, muka rungume juna muna tsalle ba sauti, manyan mata da mu.

Na ƙara ɗan jinkiri kafin na shiga, na yi sallama kamar ban san komai ba. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ta sake ɗaurin ɗankwali. Kofin kunun babu komai a ciki. Ba ta dube ni ba, ni ma na wuce kicin ina kame-kame. Sai na ji muryarta, da ƙarfinta irin na da.

“Ke 'yar nan, gidan nan ba a ɗora tukunya ne? Rana ta yi tsaka mutum bai sa komai a cikinsa ba.”

Na ce me za a dafa. Ta ce ɗanwake, da mai da yaji, kada in cika masa kanwa tunda na nuna ban san aikinta ba. Na kwaɓa, na jefa, na tsame, na kai mata a kwanon sha mai murfi. Na koma bakin ƙofar kicin na zauna inda zan hango ta ba tare da ta ga ina kallo ba. Ta ci a nutse, ɗaya bayan ɗaya, tana dangwalar yaji. Ta ce ya yi tauri. Ta cinye tas, ta suɗe yatsu, ta sha ruwa kofi guda cur. Sannan ta miƙo kwanon ta gefe, fuskarta na kallon katanga.

“In da saura, ƙaro.”